Hoton Dorina a Tafkin Kainji: Me Za a Bari, Me Za a Yanke?

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya malala har Warra da Yawuri. Ɗalibin da ya hango dorina a nan yakan so ya cusa ilahirin jikinta a tsakiyar hoto. A ganina, ba dole ba ne. Da ma dorina a cikin ruwa take wuni. To, a datse hoton ya rage idanu da kunnuwa da ƙofofin hanci, ruwa ya cike sauran filin. Nan take mai kallo zai lura cewa ukun suna jere a saman kai, shi ya sa take gani, tana ji, tana numfashi, alhali jikinta na nutse.

Haka zalɓe: da almuru, in rana tana bayansa, launi yakan ɓace, sai baƙar surar dogon wuya da baki kamar mashi.

Sai dai datsewa takan zubar da shaida, wato ciyayin gaɓa da abin kwatanta girman dabbar. Saboda haka malami ya adana hoton asali da kwanan watansa. Kuma a ɗauka daga nesa, domin dorina tana kifar da kwalekwale.