Gasar Zana Gari a Duniyar Mars

Ya kai ɗalibi mai karatu, bari mu fara da tambaya. A ce yau an rufe hanyar Sakkwato, an rufe ta Kwanni, ba mota mai shiga Illela, ba mai fita, har shekara biyu. Me za mu ci? Ina za mu sami ruwa? Idan ka tsaya ka yi tunani a kan wannan, to ka riga ka sa ƙafa cikin wata gasa da yara tsararka suke yi a ƙasashen duniya.

Gasar ita ce ta zana garin da mutane za su zauna a wajen wannan duniya tamu, su riƙe kansu da kansu. Akwai manya guda biyu. Ta farko an fara ta a Amurka a 1984, inda ake raba 'yan sakandare ƙungiya-ƙungiya kamar kamfanonin gini, a ce su zana gari a kan wata, ko a duniyar Mars, ko a sarari. Ta biyu hukumar NASA ce ta fara ta a 1994, kuma yara daga Indiya da Romaniya sun sha cin kyauta a cikinta. Ba a gina komai da bulo. Takarda ce da zane da lissafi, alƙalai su duba ko garin zai rayu.

To, me ya sa abin yake da wuya? Ka ɗauki Mars, wadda Larabawa ke kira Mirrih. Tafiya zuwa can takan ci wata shida zuwa tara, saboda haka ba a cewa a aiko da buhun gero gobe. Yininta da darenta sun ɗan fi namu tsawo, da kusan minti 40, amma shekararta kwana 687 ce. Sanyinta yakan kai digiri 60 ƙasa da sifiri, wato hunturunmu wasan yara ne. Iskarta kuma kashi 95 cikin ɗari irin wadda muke fitarwa ce idan mun yi numfashi, ba ta shaƙuwa. Ga guguwar ƙura mai rufe rana makonni. Irinta ce ta kashe motar bincike Opportunity a 2018, don da hasken rana take aiki.

Saboda haka mai zana gari dole ya amsa tambaya huɗu: iska, ruwa, abinci, da wuta. A 2021 wata 'yar na'ura a cikin motar Perseverance ta tace iskar shaƙa daga iskar Mars, kaɗan dai, amma ta nuna abin zai yiwu. Ruwa akwai shi daskararre a ƙarƙashin ƙasa, sai an haƙo an narkar. Kuma ba a zubar da ko ɗigo. A tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, a 2023 an kai ga maido da kashi 98 cikin ɗari na ruwan da aka yi amfani da shi, har da gumi da fitsari, a tace a sake sha. Kada ka yamutsa fuska, can sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kada kuma ka ɗauka manya sun gama gano komai. A 1991 an rufe mutum takwas cikin wani ƙaton gidan gilashi a jihar Arizona, mai suna Biosphere 2, su noma abincinsu su shaƙi iskar tsironsu. Sun yi shekara biyu, amma sun sha yunwa, iskar shaƙa kuma ta yi ta raguwa har sai da aka ƙaro musu daga waje. Daga baya aka gane ƙananan halittun cikin ƙasar noman ne suka cinye ta. Ka ga, kuskure ɗaya a lissafin taki ya kusa kayar da aikin duka.

Yanzu duba gida. Babanka ya san damin gero nawa zai sa a rumbu ya kai iyali wata damina. Innarka ta san tulu nawa gidanku ke sha a rana lokacin bazara. Manoman albasa na Kalmalo sun san yadda ake raba ruwa kaɗan ga fangali mai yawa, sun kuma ga yadda tafki yake janyewa. Kashin tumaki ya koma gona, karan gona ya koma bakin tumaki. Wannan zagayen shi ne ainihin abin da alƙalan gasar ke nema.

Ga aikin hutu. Ku haɗu ku biyar, ku zana garin mutum 100. Ku tambayi iyayenku mudu nawa mutum ɗaya yake ci a wata, ku auna ruwan da yake sha, ku ninka. Ku nuna inda rijiya take, da gona, da rumbu, da makaranta, da inda shara za ta koma. Iyaye, idan yaro ya zo da tambayar mudu da tulu, a daure a amsa masa, karatu yake yi. Bayan hutu ku kawo wa malamin lissafi ya duba ko mutanen garinku za su kai shekara.