Jayayyar Malaman Nasara Kan Paparoma da Zamani

Ku sani ya 'yan'uwa malamai da fatake, gardama a kan abin da zamani ya kawo ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Nasara mabiya ɗarikar Katolika sun fi shekara ɗari suna yin ta da shugabansu, Paparoma, mazaunin birnin Rum.

A dā Paparoma sarki ne mai ƙasa da soja da haraji a tsakiyar Italiya. Giregori na 16, wanda ya rasu a 1846, ya hana a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa cikin mulkinsa. Magajinsa, Fiyus na 9, ya yarda da jirgi da wayar tangaraho, amma shi ne kuma a 1864 ya fitar da takarda mai mas'aloli 80, ya ce duka ɓata ne. Daga ciki akwai raba addini da mulki, da barin kowa ya zaɓi addininsa bisa hankalinsa. Ta ƙarshe ita ce faɗin cewa wajibi ne Paparoma ya sasanta da wayewar zamani.

Ashe ba jirgi ne abin faɗan ba. Tambayar ita ce, wa ke da ikon yanke hukunci a kan aure da karatun yara da aƙida: coci, ko gwamnati, ko hankalin mutum?

A 1870 manyan limamansu suka taru a Batikan, suka tabbatar cewa Paparoma ma'asumi ne idan ya yi fatawa daga kujerarsa a kan aƙida ko ɗabi'a. Mutum 533 suka yarda, biyu suka ƙi, wasu da dama suka bar gari tun ba a jefa ƙuri'a ba, don kada su saɓa masa ido da ido. Mu dai Ahlus Sunna annabawa kaɗai muka sani da isma. Wani babban malamin tarihi na birnin Munik, Dolinga, ya ce bai ga hujjar wannan a littattafan magabata ba, aka fitar da shi daga jama'a a 1871. Kafin nan, wata biyu kacal bayan ƙuri'ar, sojan Italiya sun ci Rum, sarautar duniya ta kuɓuce.

Fiyus na 10 ya ƙara tsanantawa. A 1910 ya ɗora wa limamai rantsuwar ƙin bidi'ar zamananci, ba a soke ta ba sai 1967.

Taron da Yohanna na 23 ya buɗe a 1962, aka rufe a 1965, shi ya juya akala. Aka halatta ibada da harshen kowace al'umma maimakon Latin kaɗai, aka yarda ba a tilasta wa kowa addini, aka ambaci Musulmi da girmamawa. Sai gardama ta koma ɗaya gefen. Lafebur, Bafaranshen da ya taɓa zama babban limaminsu a Dakar, ya ce an warware abin da magabata suka ƙulla. A 1988 ya naɗa manyan limamai huɗu ba da izinin Paparoma ba, shi ma aka fitar da shi.