Saurayin Cikin Waya: Zauren Ubanki Ne Wurin Ganawar Farko

A wannan mako ina so mu tattauna a kan wani al'amari da ya shigo mana har cikin ɗaki, wato soyayyar da ake ƙullawa ta waya, musamman da mutumin da ba ƙabilarmu ɗaya ba, ko ma ba launin fatarmu ɗaya ba.

Dalilin wannan magana kuwa shi ne, kwanakin baya wata yarinya da na koyar a firamare a nan Damri ta same ni a gida, ta miƙo mini wayarta tana sunne kai. Ta ce, "Malama, ga wani Balarabe da muka haɗu a Facebook. Ya ce zai aure ni, ya ce in same shi a Sakkwato, zai turo kuɗin mota, amma kada in gaya wa Baba tukuna." Na tambaye ta sunan mahaifinsa, ta ce ba ta sani ba. Na tambaye ta ko ta taɓa ganin fuskarsa yana magana, ta ce kullum kyamararsa a lalace take. Wata huɗu ke nan suna hira dare da rana. To, 'yan'uwa, in wannan ba cinikin biri a sama ba ne, mene ne?

Tun farko bari in kawar da wani kuskure. Auren baƙo ba laifi ba ne, kuma ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Larabawan Turabulus sun zauna a birnin Kano tun zamanin fatauci ta hamada, suka auri 'yan gari, ga jikokinsu nan sun zama Kanawa. Jirgin ƙasa ya iso Gusau, sannan Ƙaurar Namoda a 1929, ya kawo Yarabawa da Ibo da Kwarori, aka yi ciniki, aka yi maƙwabtaka. Mu nan ma iyayenmu sun ga Turawan Italiya da idonsu lokacin da kamfanin Impresit ya gina madatsar ruwa ta Bakolori daga 1974 zuwa 1978. Addininmu kuma bai fifita fari a kan baƙi ba sai da tsoron Allah. Bambancin kawai shi ne, baƙon da can ana ganinsa a kasuwa, an san mai masaukinsa, an san inda yake sallah. Baƙon yau kuwa hoto ne da murya a cikin tafin hannu.

Ga labarai biyu da suka faru a ƙasar nan, ki auna su da kanki. Wata Ba'amurkiya ta haɗu da wani saurayi Bakano ta Instagram. Ita da kanta ta hau jirgi ta zo Kano a farkon shekarar 2020, ta shiga gidansu, ta gaida iyayensa, dangi suka gan ta ido da ido. Ba a ɗaura aure ba sai a watan Disamba, a bainar jama'a. Na biyu kuwa ya faru ne a watan Yuli na 2012. Wata ɗalibar jami'ar Jihar Nasarawa ta saba da wasu samari a Facebook, suka gayyace ta Legas da sunan harkar kasuwanci, suka kai ta otal, suka yi mata fashi, suka kashe ta. A 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa, amma hukunci ba ya dawo da rai. Waccan ta je gidan iyaye da rana tsaka, wannan kuwa an ja ta zuwa ɗakin da ba mai ganinta. Abin lura ke nan.

Saboda haka, ya ke 'yar'uwa, ga abin da nake ba ki shawara tun kafin ganawa. Ranar da hira ta fara ɗaukar hanyar aure, ranar ce ya kamata mahaifiyarki ko yayarki ta sani. Duk wanda ya ce ki ɓoye shi daga iyayenki, to, ya riga ya gaya miki nufinsa. Ki nemi ku yi magana kuna ganin juna a waya, ba sau ɗaya ba, kuma a gaban wani naki, domin yanzu kwamfuta na iya haɗa hoto har da muryar mutumin da babu shi a duniya. Kada ki tura hoton da ba za ki iya nuna wa mahaifinki ba, don da shi ake tsoratar da 'yan mata a karɓe musu kuɗi. Kada ki ba da lambar BVN ko lambar sirrin da banki ke turo miki. In kuma ya ce ya aiko miki da tsaraba daga ƙasar waje amma sai kin biya kuɗin kwastan, ki sani ɗan damfara ne, babu wata tsaraba.

Game da ganawar farko, magana ɗaya ce. Shi ne zai zo. Tun kaka da kakanni namiji ke zuwa zance, ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, ƙannen yarinya na kai da kawowa. Wannan al'ada kariya ce iyayenmu suka yi mana. Ke kin san halin da hanyoyinmu ke ciki. Ba mu manta da harin da 'yan bindiga suka kawo Damri da ƙauyukan kewaye a watan Mayu na 2022 ba. A irin wannan ƙasa, yarinyar da ta fita ba wanda ya san inda ta nufa ta saka ranta da dukiyar iyayenta cikin hatsari. In baƙon ya ce yana tsoron hanya, uzuri ne mai ma'ana, amma maganinsa shi ne a shirya ganawa a gidan kawunki ko baffanki a Talata Mafara ko Gusau, da rana, da sanin mahaifinki, shi kuma ya zo da wani nasa. Ba otal, ba tasha, ba cikin mota.

Bayan an gana, sai bincike, kuma wannan aikin manya ne. A nemi garinsu, da sana'arsa, da wanda ya san shi cikin mutanenmu. Hausawa na zaune a Makka da Jidda da Khartum da Accra da Landan, matambayi kuwa ba ya ɓata. In an rasa ko da mutum ɗaya da zai ce ya san shi, sai a dakata.

Sai batun dacewa. Farar fata ba hali ba ce, haka nan baƙar fata. Ki tambayi abubuwan da za su riƙe aure bayan zumuɗi ya wuce. Na farko addini: Musulma ba ta auren wanda ba Musulmi ba, in kuwa ya ce ya musulunta dominki, a ba shi lokaci a ga sallarsa. Na biyu harshe: da wane baki za ki gaida uwar mijinki, da wane baki za ku sasanta in kun saɓa? Na uku wurin zama. Za ki iya shekara uku ba ki ga mahaifiyarki ba? Wa zai yi miki wankan jego? Wa zai biya kuɗin jirgi in an yi rasuwa a gida? Na huɗu doka. A Amurka da Ingila doka ba ta yarda a ƙulla aure da mace fiye da ɗaya ba, don haka mai mata a can da ya ce zai kai ki ta biyu, ki tambaye shi da wace takarda. Saudiyya kuma sai ɗan ƙasa ya sami izinin hukuma kafin ya auri baƙuwa. A nan gida, tsarin mulkinmu na 1999 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya damar yin rajista ta zama 'yar ƙasa, amma bai ba baƙon da ya auri 'yar Nijeriya wannan damar ba. Na biyar gwajin jini. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, mu ma bai kamata mu jira doka ba. Ciwon sikila akwai shi a cikin Larabawa da Indiyawa kamar yadda yake a cikinmu.

In duk wannan ya yi daidai, a ɗaura aure yadda shari'a ta ce, da waliyyi da shaidu da sadaki, a kuma karɓi takardar shaida. In za ki bar ƙasa, fasfonki ya zauna a hannunki, lambar wani naki kuma ta zauna a kanki.

Ku kuma iyaye mata, ga taku. Yarinyar da ta san za a tarbe ta da tsawa ko da muciya ba za ta kawo maganarta gida ba, ƙawa za ta kai wa, ƙawar kuwa ba ta fi ta wayo ba. Ku saurara tukuna kafin ku yanke hukunci. Kada kuma kwaɗayin kuɗin ƙasar waje ya rufe muku ido, kada ƙyamar baƙo ta sa ku kori mutumin kirki. Ku 'yan makaranta, karatunku ne dukiyar da za ta bi ku ko'ina aka kai ku, kada ku bar shi saboda alkawarin waya.

Ita yarinyar da na ba ku labari, mun je wurin mahaifiyarta tare. Aka sa ta rubuta wa Balaraben cewa Baba na son magana da shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Tun daga ranar lambarsa ba ta sake shiga ba. Ta yi kuka na kwana biyu, yanzu ta koma makaranta.

Sai mun sadu a mako mai zuwa. Allah ya ba 'ya'yanmu mazaje nagari, na kusa ko na nesa, amin.