Bayan haɗari, wa zai biya kuɗin asibiti?

Kowace safiya dubban ɗalibai ke cunkusa kansu cikin adaidaita sahu ko su ɗare bayan babur don su riski makaranta kafin a rufe ƙofa, kuma da wuya a samu ɗaya daga cikinmu da bai san wani ɗan aji ko maƙwabci da abin hawa ya taɓa bugewa ba. Ana zuwa jaje, ana "Allah ya kiyaye gaba", sai kowa ya watse a bar iyaye da lissafi: kuɗin kati, hoton ƙashi, jini, tiyata, ƙarfen da za a sa a ƙafa, sannan watanni ana zuwa gashin ƙashi. A nan ne ake sayar da tunkiya ko keken ɗinkin Mama. Sau da yawa kuma ba a kan iyalin kaɗai ya kamata nauyin ya faɗa ba.

Mu fara da ranar da abin ya faru. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili, kuma wanda ya saɓa zai iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin da ya kai wata shida. Wannan ba ya nufin magani kyauta ne. Kuɗi za su biyo baya. Abin da yake nufi shi ne, ba a barin mai zubar jini a kan benci ana jiran a kawo kuɗi. Ku kuma haddace 122, lambar jami'an kiyaye haɗurra, da 112 ta kiran gaggawa. Duka kyauta ake kiransu.

Sai batun da mutanenmu ba su cika sani ba. Doka ta wajabta wa duk mai abin hawa ya mallaki inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna a kan hanya. Tun daga watan Janairun 2023 mai ƙaramar motar gida ke biyan naira 15,000 a shekara. Direbobi da yawa sun ɗauke ta takardar nuna wa 'yan sanda kawai, alhali an yi ta ne saboda irin yaron da aka buge yana tsallaka titi. Matsalar ita ce takardun bogi sun yi yawa, amma ana iya danna *565*11# a waya, a sa lambar mota, a ga ko inshorarta ta gaske ce. Idan ta gaske ce, mai motar zai sanar da kamfaninsa ba tare da ɓata lokaci ba, kamfanin kuma zai nemi hujja.

To, a nan ne aikinku yake, ƙannenmu. A gidaje da dama ɗan sakandare ne ya fi kowa iya karanta takardar asibiti. Yayin da manya ke fama da jinya da 'yan dubiya, ku nemi littafi guda da leda mai kyau. Ku rubuta lambar motar, ranar haɗarin, wurin, da sunayen waɗanda suka gani. Duk rasit ɗin da aka bayar, ko na auduga ne, ku ɗauki hotonsa a waya nan take, domin tawadar rasit ɗin na'ura tana gogewa cikin 'yan makonni. Idan an sayi magani a kemis, a ce ya rubuta. A karɓi rahoton 'yan sanda, a kuma nemi rahoton likita kafin sallama. Kamfanin inshora ba ya biya da "wallahi mun kashe kusan dubu ɗari uku". Takarda yake so ya gani. Haka ma alƙali.

Akwai kuma maganar yafiya, wadda ke buƙatar a taɓa ta a hankali. Direba zai zo da dattawan unguwarsu, ya durƙusa, ya ajiye wani abu, a ce ƙaddara ce, Baba ya ce ya yafe. Yafiya halin kirki ce, ba mu ja da wannan ba. Amma a rana ta biyu babu wanda ya san ko ƙafar za ta buƙaci tiyata ta biyu, ko yaron zai rasa zangon karatu guda. A ganinmu ya fi a ce wa baƙin, cikin mutunci, a bari likita ya gama faɗin abin da ake ciki. Neman kuɗin inshora kuwa ba ƙuntata wa direba ba ne, tunda ba daga aljihunsa za su fito ba. In an yi sulhu, a rubuta abin da aka amince da shi a gaban shaidu, kuma kada a sa hannu a takardar da ba a karanta ba.

Idan mai motar ya gudu, ko ba shi da komai, akwai sauran ƙofofi. Manyan asibitocin gwamnati suna da sashen jin daɗin marasa lafiya, inda ake duba halin iyali, a yi ragi ko a haɗa su da masu taimako. Sai an tambaya ake nuna wa mutum ofishin. Wanda iyayensa ke cikin tsarin inshorar lafiya, na tarayya ko na jiha, ya nuna katinsa tun ranar farko, kuma a nemi a ba da lissafin kuɗi dalla-dalla, ba jimla kawai ba.

Tsoron lissafin ne ke sa wasu su ɗauke majinyaci cikin dare su kai shi wurin mai ɗori. Karayar da ƙashi ya fasa fata ba ta ɗori ba ce: ƙwayoyin cuta na shiga, ɗaurin da ya matse kuma na iya tare jini har naman ya mutu. A Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano ana karɓar irin waɗannan bayan sun lalace, kuma a lokacin kuɗin aikin ya riga ya ninka wanda aka guda tun farko.