Wa Ya Ce Filashi Ba Ya Ɗaukar Tsohuwar Windows?

Akwai wata magana da ta yi kaka-gida a bakin wasu masu gyaran kwamfuta, kuma na gaji da jin ta: wai idan aka ɗora Windows a kan katin filashi, ba zai kai mako biyu ba zai ƙone. Da ita ake tsorata wanda ya kawo tsohuwar laftof ɗinsa gyara, sai a zaro wani faifan ajiya da aka ciro daga gawar wata kwamfutar, wanda shi ma ya haura shekara 20, a sayar masa da sunan "orijinal". Bayan 'yan watanni faifan ya fara ƙas-ƙas, aiki ya tsaya, a sake komawa shago. Ko da rashin sani ne ya jawo haka, cutarwa ce, kuma haƙƙin mutane ake ɗauka.

Wani zai ce me ake yi da laftof ɗin zamanin da? Ya tambayi mai maɗaba'a, ko mai injin yi wa kaya ado, ko makanike mai na'urar duba mota. Da yawansu manhajar injinsu ba ta tashi sai a kan Windows 98 ko XP, kuma tana neman irin ramin da sababbin kwamfutoci suka daina zuwa da shi. A Turai da Amurka sha'awa ce ke sa a raya waɗannan na'urori. A nan abinci ake nema da su.

Laftof irin su Dell Latitude D600 ta 2003 da IBM ThinkPad T42 ta 2004 suna karɓar faifai mai haƙora 44 da ake kira IDE, wanda an daɗe da daina ƙera shi. Shi kuwa katin CompactFlash, da kamfanin SanDisk ya fitar a 1994, tun asali an gina shi ya yi magana da yaren IDE. Adafta mai araha kawai ake sa masa, kwamfuta ta ɗauke shi a matsayin faifai.

To, ina zancen ƙonewa? Gaskiya ne kowane gurbi a cikin filashi yana da iyakar sau nawa za a goge shi a sake rubutu: kusan sau 100,000 a katunan masana'antu mafi inganci, wajen sau 3,000 a matsakaita. Abin da masu jita-jita ba sa faɗa shi ne, a cikin katin kirki akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa da ke rarraba rubutu a kan gurabun duka. Kamar mai kanti ne da littafin bashi da fensir: in shafi ɗaya yake gogewa kullum, zai huje, amma in yana zagaya shafukan, littafin zai daɗe a hannunsa.

Mu yi lissafi. Kati mai giga 16, kowane gurbi sau 3,000, ya ba da giga 48,000 na rubutu. A ce tsohuwar kwamfutar tana rubuta giga 2 kullum, wanda ma da wuya Windows 98 ta kai haka. Kwana 24,000 ke nan, fiye da shekara 65. A raba wannan gida 10 saboda asarar da ake yi wajen ƙananan rubuce-rubuce, har yanzu an bar mu da shekara 6 da ɗoriya. Wane mai gyara ne zai rantse cewa faifan da aka ƙera a 2002, mai moto da allura da ke shawagi a kan faranti mai juyawa sau 4,200 a minti, zai ƙara shekara 6 cikin zafin Afrilu da girgizar babur? Filashi ba shi da abin da ke motsi. Ba ya ƙara, ba ya cin batir sosai, faɗuwa ma ba ta cika yi masa illa ba.

Amma jita-jitar ba daga sama ta faɗo ba. Katunan da ake gani suna mutuwa, da yawansu jabu ne. An rubuta giga 64 a jiki, alhali na gaskiya bai wuce 8 ba, an dai yi wa ƙwaƙwalwarsa dabara ta riƙa faɗin ƙarya. Yana cika, sabon rubutu sai ya hau kan tsoho, Windows ta ƙi tashi, a ce "ai mun faɗa maka". Wanda ya sayar da jabu yana sane, ya ji tsoron Allah. Dalili na biyu kuma wuta ce: batirin tsohuwar laftof ya riga ya mutu, ana ɗauke wuta sai ta mutu nan take ana tsakiyar rubutu, kuma kati mai araha ba ya jure wannan. Akwai kuma ƙarancin ram da lalatacciyar adafta.

Saboda haka ga abin yi. Kafin komai, gwada katin a wata kwamfutar da manhajar H2testw, wadda ke cika shi maƙil ta karanta, ta tona asirin jabu. Kada ka yi kwaɗayin babba. Kwamfutocin da suka girmi 1994 yawanci ba sa ganin fiye da mega 528, na kafin 1998 sukan tsaya a giga 8.4, wasu na farkon shekarun 2000 kuma a giga 137. Giga 4 ko 8 ya ishi Windows 98 har da saura.

Idan 98 ce ko DOS, yanka katin, wato ka raba shi yanki-yanki, ka yi masa fomatin a cikin ita tsohuwar laftof ɗin, don yadda take ƙirga faifai yakan bambanta da na sabuwa. Ka tabbata ka sa wa yankin farko alamar cewa daga shi za a tashi. Mantawa da wannan kaɗai ya sa an jefar da katuna masu lafiya. In ya ƙi tashi duk da haka, umarnin fdisk /mbr yakan warware matsalar. In na'urar faifan CD ta mutu, kamar yadda ta saba, kwafe jakar WIN98 cikin katin daga wata kwamfutar, ka ɗora daga nan.

XP ta fi tsirfa. Katunan CompactFlash na kyamara suna gabatar da kansu a matsayin abin cirewa, ita kuwa ba ta yarda ta ajiye musu fayil ɗin da take juye abin da ya yi wa ram yawa, kuma yanki ɗaya tak take gani. Nemi katin masana'antu, ko mafi kyau ƙaramin SSD irin mSATA da adaftarsa ta IDE. Wannan karon a sabuwar kwamfuta za ka yanka shi, domin XP tana fara yanki daga gurbi na 63, abin da ke sa filashi aiki biyu. Bar kamar kashi ɗaya cikin biyar babu komai, tunda dabarar share gurabu da ake kira TRIM sai a Windows 7 ta 2009 ta zo. Ƙara ram iya ƙarfin na'urar, amma kada ka wuce mega 512 a kan 98, rikicewa take yi. Kuma don Allah a daina yi wa filashi difirag! An ƙirƙiro shi ne don rage wa allura yawo, a nan kuwa babu allura, tsufa kawai yake ƙara wa kati.

Filashin da ake soka wa a ramin USB, a bar shi wajen kwashe fayil. Tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa tashi daga shi, kuma ramin USB 1.1 megabit 12 kawai yake ja a daƙiƙa.

Sabon kati ba ya mayar da tsohuwar Windows yarinya. Microsoft ta daina kula da 98 a Yulin 2006, XP kuma ranar 8 ga Afrilu, 2014. Wanda ya tuna yadda cutar kwamfuta ta WannaCry ta durƙusar da asibitocin Ingila a Mayun 2017 ba zai jona irin wannan na'ura da intanet ba, balle ya shiga asusun bankinsa da ita. Game da matsalar wuta kuwa, sayi sabon batir ko ka jona laftof ɗin da inbata. Ranar da komai ya zauna daidai, kwafi hoton katin gaba ɗaya ka adana a wata kwamfutar, domin in ya lalace, sabon kati da rabin awa sun isa injin ya koma aiki.