Me ya sa takaddamar ASUU da Abuja ke iya rufe aji a Kafin Hausa?

Duk lokacin da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi barazanar tafiya yajin aiki, hankalin iyaye a Kaugama da Malam Madori da Haɗeja yakan tashi, domin 'ya'yansu na karatu a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse. Tambayar da ake yawan yi ita ce: mene ne haɗin jami'ar jiha da rigimar da ake yi da Gwamnatin Tarayya?

Tushen takaddamar shi ne yarjejeniyar da ɓangarorin biyu suka sanya wa hannu a 2009, zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ta ƙunshi albashi da alawus, da kuɗin gyara jami'o'i, da 'yancinsu na tafiyar da harkokinsu. An tsara za a riƙa sabunta ta duk bayan shekara uku, amma aka yi ta jan ƙafa. An kafa kwamitin Wale Babalakin a 2017, sai na Farfesa Munzali Jibril, sai na Farfesa Nimi Briggs a 2022, sannan na Alhaji Yayale Ahmed a 2024.

A tsawon wannan lokaci ɗalibai ne suka sha wuya. An rufe azuzuwa fiye da wata biyar a 2013, wata tara a 2020, sannan wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Na 2022 ya ƙare ne bayan umarnin Kotun Ma'aikata, gwamnati kuma ta riƙe albashin malamai bisa dokar "ba aiki, ba albashi". A ranar 13 ga Oktoban 2025 ƙungiyar ta sake shiga yajin aikin gargaɗi na mako biyu, ta janye shi kafin wa'adin ya cika.

Dalilin da ya sa abin ke shafar jami'o'in jiha shi ne, ASUU ƙungiya ɗaya ce mai rassa a jami'o'in tarayya da na jihohi, kuma hukuncin majalisar zartarwarta yana hawa kan rassan. Malaman jihohi ma suna da abin da suke karewa. Albashin da aka amince da shi a Abuja shi ne ma'aunin da suke tunkarar gwamnoninsu da shi. Haka kuma asusun TETFund, wanda ke gina ɗakunan karatu a jami'o'in jihohi, ya samo asali ne daga yarjejeniyar ASUU ta 1992.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Gwamnatin Tarayya ba ta biyan malaman Kafin Hausa albashi. Nauyin yana wuyan Gwamnatin Jigawa. Don haka ko an daidaita a Abuja, sai jiha ta amince ta sanya ƙarin a kasafinta kafin ya isa aljihun malami.

A yankin Haɗeja asarar ba ta tsaya a aji ba. Manomin da ya sayar da shinkafa ko tattasai ya biya kuɗin makaranta da na haya, zai sake biyan hayar ɗakin da ba a kwana a ciki ba. A 2022 ma yajin aikin ya haɗu da ambaliyar da ta cinye gonaki a masarautar. Masu sayar da abinci da 'yan acaɓa da masu shagunan buga takardu sukan rasa ciniki, ɗalibi kuma yakan makara wajen tafiya hidimar ƙasa.

Saboda haka abu biyu ya kamata iyaye su sa wa ido: ko an ware kuɗin aiwatar da yarjejeniya a Abuja, da kuma ko gwamnati a Dutse ta shirya ɗaukar nata kason.