Ƙishin Albasar Yawuri da Lissafin Kafofin Ƙasa

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci tsibirai da dama da Gungawa suka yi suna da noman albasa a kansu, noman rani a Yawuri, Ngaski da Shanga ya dogara ga ƙasar da ruwa ke janyewa ya bari. Ƙasar kuwa ba iri ɗaya ba ce. Wani fegin laka ne, ya kwana biyu da lema. Na maƙwabci rairayi ne, a ba shi ruwa da hantsi, la'asar ta tarar da shi a bushe. Da tsadar fetur ɗin injin ban-ruwa, sanin wannan bambanci kuɗi ne.

Sirrin yana cikin kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Manyan suna zurar da ruwa, ƙananan su riƙe shi, wasu ma su ƙanƙame shi har saiwa ta kasa tsotsa. In aka murƙushe dunƙulen ƙasa, sai ya watse zuwa ƙananan dunƙule masu kama da shi, su ma haka. Irin wannan siffa mai maimaita kanta ce Benoit Mandelbrot ya raɗa wa suna firaktal a 1975. A farkon shekarun 1990, masana irin su Rieu da Sposito suka nuna ana iya taƙaita jerin kafofin nan da lamba guda, tsakanin 2 da 3: laka ta kusanci 3, yashi ya yi ƙasa. Amfanin a fili yake. Auna riƙon ruwa kai tsaye kan ci makonni a ɗakin gwaji, amma tankaɗe ƙasa a ware girman ƙwayoyinta aikin kwana ɗaya ko biyu ne, kuma daga nan ake ƙiyasta lambar, daga lambar kuma a ƙiyasta riƙon ruwan.

Za a ce ai manomi na gane ƙasarsa da hannu. Gaskiya ne, sai dai hannu ba ya tsara rabon ruwa ga ɗaruruwan fegi. Sukar da ta fi nauyi ita ce ƙasa ba ta bin lissafin sau da ƙafa: laka na tsagewa da rani, gara na fasa ramuka, ruwa ya bi ta nan ya wuce, rariya ba ta gani ba. Wannan ba dalilin watsi ba ne. Kamata ya yi a auna samfuri kaɗan na bakin tafkin Kainji kai tsaye, a ɗakin gwaji irin na Samaru, a daidaita lissafin da su, sannan a ƙiyasta sauran filayen.